Dutsen da Na Tarar a Cikin Injin Wanki

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da nake iya hango yatsun ƙafata ba sai na sunkuya ba, na sayi wani tsohon injin wanki a Kafanchan wanda ya kusa raba ni da abokina na shekara ashirin.

Sana'ata citta ce. Ina saye a hannun manoma, in shanya, in ɗura a buhu, in loda wa masu zuwa daga nesa. Mai sayen citta kuwa ba ya yarda da nauyi. Idan buhu ya fi yadda ido ya ƙiyasta, ba murna muke yi ba, wuƙa muke nema. Na taɓa farke wani buhu na tarar da dutsen da zai isa harsashin ɗaki biyu da baranda. Tun daga ranar, duk abin da ya yi nauyi sai na harare shi.

Abokin nawa makanikin jirgin ƙasa ne, ɗan wani ƙauye ta wajen Godogodo, kuma dattijo a cocinsu. Ina kiransa Injiniya, yana kirana Mai Citta. Kullum ya tashi daga aiki sai ya biyo ta rumfata, mu ci gyaɗa mu gyara duniya kafin magariba. A Hausarsa mace da namiji duk ɗaya ne. Zai ce, "Madam ya ce a gaishe ka," ni kuma in ce ina amsawa, a gaida shi da kyau.

A daminar wannan shekara ya yi ritaya, zai koma ƙauye a ƙarshen Agusta. Ya kira ni kwatas ɗinsu na ma'aikatan jirgi in duba tarkacen da ba zai iya kwasa ba. A ɗakin ajiya na bayan gida na gan shi: wani ƙaton akwatin ƙarfe, da can fari ne, yanzu ya koma launin haƙoran mai cin goro, da zagayayyar ƙofar gilashi a gaba. Wata kaza ta mai da cikinsa ɗakin haihuwa. Abokina ya ce wani Bature da ya zauna a gidan tun kafin shi ne ya bar shi, kuma aiki biyu yake yi, ya wanke kaya sannan ya busar da su.

Wanki dai na gane. Busarwar ce ta tsaya mini a rai. Ba rana, ba iska, ba igiya, a cikin tumbin da ruwa ya gama wasa yanzun nan? Duk wanda ya san Agustan Kafanchan ya san riga kan kwana uku a igiya, ta sauko tana warin daddawa. Na tambaye shi ta yaya wuta da ruwa suke zama ɗaki ɗaya ba su yi faɗa ba. Ya ce shi ma bai taɓa buɗewa ba, amma in na saya zai zo ranar Asabar mu buɗe tare. Ya gargaɗe ni cewa ɓeraye sun cinye wayoyin, bel ɗin ma ya tsinke, kada in taɓa komai sai ya zo.

Na biya, ƙarti shida suka ɗora shi a kura, kowa yana kiran sunan kakarsa. Ni kuwa ina biye da su ina jin wannan tsohon ƙaiƙayi na mai citta: akwatin gwangwani, ciki fanko, me ya kawo wannan nauyi haka?

Matata ta zagaya shi sau biyu, ta leƙa ta gilashin, ta tambaye ni ko nan za mu riƙa fakewa idan ɗaki ya yi yoyo.

Asabar ta yi mini nisa. Ranar Alhamis na aro sifana na kwance murfin sama. Ina ɗagawa na yi ido huɗu da shi. Curin siminti ne, ya kai matashin kai girma, an ɗaure shi da noti uku a kan gangar da ke juya kaya. An ma goge shi sumul, irin aikin wanda ya ɗauki lokaci.

Na zauna a ƙasa na fara lissafin wawaye. Ƙarfe mai nauyi shi ne ƙarfe mai kyau, kowa ya san haka. To wani ya sa dutse don a ji nauyi a ce kaya ne na ƙwarai. Bature zai zauna yana kwaɓa siminti? Ina. Wa ke da sifana kala-kala, kuma injin ya shekara goma sha a bayan ɗakinsa?

In faɗi gaskiya, ko a lokacin zuciyata ba ta gama yarda ba. Labarin ne ya yi mini daɗi, na kasa haɗiye shi. Washegari a kasuwa na ba da shi a rumfata: dattijon coci guda ya yi mini algus, ya cusa dutse a injin wanki kamar buhun citta. Aka yi dariya har wani ya ƙware da goro. Da azahar dutsen ya kai turmi. Da la'asar sai da mutum uku suka ciro shi. Lokacin kuwa gari bai daɗe da fita daga wani tashin hankali ba, kowa yana auna maganarsa kafin ya furta, musamman idan ta shafi coci ko masallaci. Ni kaɗai nake zuba tawa ba mudu.

Asabar ta zo, Injiniya bai zo ba. Litinin ma shiru. Ranar Laraba matarsa ta zo wucewa, ta gaida maƙwabcin rumfata na dama, ta gaida na hagu, ta tsallake ni kamar kududdufi. Wani direban babbar mota ne ya gaya mini cewa maganar ta kai har cocinsu, an tare shi da ita bayan sujada, shi da yake riƙe da makullin ɗakin ajiyarsu. Wai bai ce komai ba sai, "Allah ya sani."

Mai hankali a ranar zai tafi ya ba shi haƙuri. Ni sai na ce bari in tayar da injin da kaina tukuna, in ya so in je da abin nunawa. Har da ƙarin wauta: na sa guduma na farfasa simintin, ko an ɓoye wani abu a ciki. Tsakuwa ce da guntun rodi. Matata ta kwashe gutsattsarin ta cike wani rami da ke tara ruwa a bakin ƙofa.

Mako biyu na yi ina fama, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsu. Na wanke tsatsa da kananzir. Mai injin markaɗe ya samo mini bel da ya yi daidai bayan mun gwada bakwai. Mai gyaran rediyo ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana zagin ɓeraye har kakanninsu. Robar bakin ƙofa ta ruɓe, mai faci ya yanko mini wata daga tsohon tib ɗin mota. Na gano injin ba ya son a zuba masa ruwa da bokiti, sai dai ya sha daga sama, don haka na kafa duro a kan katako na jawo tiyo. Na sami wani lanƙwasasshen ƙarfe kusa da 'yar fanka, na yini ina kallonsu ina tunanin ko su ne ranar da aka ɓoye a ciki. Maɓallin gaba kuma idan ka murɗa sai ya riƙa ƙas-ƙas kamar agogo. Sau nawa na juya in ce, "Injiniya, ji wannan," sai in tuna ba kowa.

Ranar gwaji aka kawo wuta da hantsi. Matata ta hana zanenta ko ɗaya, sai tsofaffin kaftanina uku na zuba. Matan maƙwabta suka jeru a tsakar gida. Abin ya fara kamar a mafarki. Ya sha ruwa, ya juya dama, ya tsaya kamar mai tunani, ya juya hagu. Kumfa tana wasa a gilashi, ni ina tsaye na harɗe hannu kamar ni na ƙera shi. Can ya zubar da ruwan, ya yi tsit.

Sai ya fara juyi da gudu. Ya yi rawar sanyi, ya yi tsalle ɗaya, sannan ya kama hanya. Ya sauko daga baranda, ya fizge tiyo, duron ya kifo mini a ka. Mata suka watse, wata ta bar takalmi ɗaya har yau ba ta dawo nema ba. Ya nufi ƙofar gida yana kwaram-kwaram, ni ina binsa ina ba shi haƙuri, har wayar ta fizge daga bango. Da wayar ta ƙara tsawo, a Kagoro za a tare shi.

Ina tsaye ruwa yana ɗiga daga gemuna, matata ta leƙo daga bayan turmi ta ce, "Malam, ko tukunya idan tana bori ai dutse ake ɗora wa murfin. Kai ka cire masa nasa."

Saura kwana uku abokina ya tashi. Na tsuguna a bakin ƙofa na tono gutsattsarin daga laka ɗaya bayan ɗaya, na zuba a buhu, na saɓa a kafaɗa har kwatas. Na same shi yana ɗaure kaya. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, amma da Alhaji ya kira ni, ba Mai Citta ba. Da ya zage ni da ya fi sauƙi.

Na zazzage buhun a gabansa na ce, "Injiniya, ga shaidu na kawo, amma a kaina za su ba da shaida." Na kwashe komai na faɗa masa, ban rage ba, kuma karo na farko a rayuwata ban ƙara ba. Ya tambaya har ina injin ya kai. Na ce bakin ƙofa. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ya danne dariyar. Ya ce dutsen daga kamfani ya zo, shi ke danne gangar idan ta ɗauki gudu, ko ƙafar jirgi ma akwai nauyin da ake sa mata a gefe ɗaya don kada ta yi tsalle a kan layi.

Sannan ya ajiye igiyar da ke hannunsa. "Ba dutse ya dame ni ba, Mai Citta. Shekara ashirin ina zama a rumfan ka. Gidana ba nisa. Ka ga abu ba ka gane ba, ka wuce ƙofana, ka kai shi kasuwa."

Na tambaye shi me zan yi. Ya ce inda na zubar da mutuncinsa, can zan je in ɗauko shi.

Washegari ranar kasuwa ce. Ya zauna a bencinsa na kullum, na tara duk waɗanda suka yi dariyar farko, na ba da labarin yadda inji ya kore ni a gidana. Na faɗa da babbar murya cewa ƙarya na yi wa bawan Allah. Aka yi dariya fiye da ta da, sai dai wannan karon a kaina. Daga nan muka zuba gutsattsarin a sikelin citta don ya san nauyin da zai zuba sabo. Ya haɗa akwatin katako, ya kwaɓa siminti, ya huda gurbin noti uku. Da yake sai simintin ya bushe sosai, ya ɗaga tafiyarsa da mako guda. Madam bai ji daɗi ba, in ji shi.

Da muka ɗaura sabon dutsen, injin ya yi gudunsa a zaune kamar liman a kan buzu. Aka zo busarwa, ya sa kunne a jikinsa ya ce in saurara. Ruwa ne ke tsiyaya a ciki siriri. Ashe ƙarfen nan ne ke zafafa iska, fanka ta hura ta cikin kaya, tururin ya haɗu da ruwan sanyi ya koma ɗigo ya fita ta tiyo. Wato da ruwa yake busar da kaya. Na yi kwana biyu ina faɗa wa mutane, ba wanda ya yarda, kuma ban ga laifinsu ba. Kaftanina sun fito da zafi kamar waina, ɗaya ya tsuke har sai da na bai wa ƙanena.

Injin ya yi mana shekara shida kafin ya gaji. Abokina kuwa har yanzu duk kaka yana aiko mini da doya, ni ina aika masa da tsiya ta bakin direbobi.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne wannan. Bayan wasu shekaru ina jiran mota a Kajuru, wani mutum da ban taɓa gani ba ya ba ni labarin wani dattijon coci a Kafanchan da ya cusa dutse a injin wanki ya sayar wa aboki. A bakinsa dutsen ya kai ɗan maraƙi. Na ce masa ba haka aka yi ba, dutsen na kamfani ne, ni ne ma sakaran da ya saya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in yi haƙuri, da alama ban san labarin sosai ba, shi a wurin wanda aka yi a gabansa ya ji.

Har yau ina ƙara wa zance gishiri, wannan kam sai dai a binne mu tare. Amma idan labarin yana da sunan wani a ciki, nakan tsaya in tambayi kaina ko na taɓa ƙofarsa tukuna. Gyaran da na yi a rumfata bai wuce layin 'yan citta ba. Ƙaryar kuwa ta shiga mota, kuma ban san tashar da take yanzu ba.