Awon Matan Unguwa

Daminar da ruwa ya shiga shagon Umma a Agege, bai taɓa keken ɗinki ba, littafin awo ya ci. Shekara da shekaru tana rubuta kafaɗa da ƙugu da tsawon hannun matan unguwa a cikinsa. Muka shanya shi a bakin ƙofa, tawadar ta bi takarda kamar shuni.

Sallah ta matso. Matan da suka koma Isolo da Idi-Araba ba sa zuwa da kansu, atamfa kawai suke aikowa, don sun san awonsu yana wurinta. Guda biyu har sun sa an karɓo musu kayansu.

"Ke da kika yi boko," in ji Umma, "nemo mana inda ruwa ba ya kaiwa."

Kwana goma na kasa zama wuri ɗaya. A danfo, motar haya, ma karatu nake a waya, sau biyu ina wuce inda zan sauka. Ana iya kama hayar wuri ta intanet a rumbun wani babban kamfani na ƙetare, ko wayata ta faɗa kwata awon yana nan. Ana kuma iya sayen 'yar na'ura a ajiye a shago, tamu mu kaɗai. Amma na'urar wuta take so, wutar unguwarmu kuwa sai ta ga dama, ruwan ma ya riga ya san hanya. Zuciyata tana ga rumbun nesa. Nakan yi ta hasko shi, wani ɗaki mai sanyi a bayan teku.

Na sami Umma tana yanka na yi mata bayani.

"Wa ke gadin rumbun?"

"Ma'aikatansu, Umma. Akwai lambar sirri."

"Maza?"

"Ban sani ba."

Ta ajiye almakashi. "Mace ta ɗaga min hannu na zagaya mata tef saboda ni ce. Shi ne zan ɗauki ƙugun matar mutane in ba ƙaton da ban sani ba ajiya? Gara matan su tafi duka."

Na fita, na zaga layinmu, na dawo, na sake fita. A dawowa ta uku na tarar tana kalmasa wuyan riga, na tsaya ina kallon allurar tana shiga tana fita.

"Umma, in ba suna fa? Kowace mace mu ba ta lamba. Rumbun ya riƙe lamba da awo kawai. Ke kuma ki ɗinke mata lambar a cikin wuyan rigarta. In za ta aiko atamfa, ta juya tsohuwar rigarta ta karanto miki."

Ta ci gaba da ɗinki har ta kai ƙarshen wuyan, ta tsinke zaren da haƙori.

"Ƙaton ba zai san ta wace ce ba?"

"Ko ni sai kin faɗa min."

Ta ciro tef daga wuyanta ta miƙo min. "Fara da ni. Kuma kada ki ƙara min a ƙugu."