Dangin Jikana na Wajen Uba

Bayan sunan jikana na fari, mahaifiyar mijin 'yata ta gayyace ni gidanta a garin Germantown da ke jihar Maryland. Baturiya ce, tsohuwar malamar makaranta, kuma tun da ta bar aiki ba ta da abin yi sai bin asalin dangin mijinta marigayi. 'Yata ce ta tuƙo ni daga Sterling, jaririn yana barci a kujerar baya.

A falonta ta manne wata doguwar takarda a bango, sunaye sun cika ta tun daga sama. Ta nuna na can ƙololuwa, ta ce makiyayin tumaki ne a tsaunukan Scotland, wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce. 'Ya'yansa sun watse: wani ya haye Ireland, wani aka kama shi a yaƙi aka kawo shi gonakin taba na Maryland. Daga wannan kamammen zuriyarsu ta fito. Tana ba da labarinsu kamar jiya suka rabu, har tana jin haushin wani da ya sayar da gonar gado.

A ƙasa ta rubuta sunan jikana da fensir, ta bar fili a gefe.

"Nan wurinku ne," in ji ta. "Su wa suka haife ki?"

Na lissafa har kakan babana, na tsaya. Sai na kira gwaggona a Kano, 'yata tana fassarawa. Gwaggo ta fara da faɗa, wai sai da Baturiya ta tambaya na tuna da ita. Sannan ta gyara zama ta shiga jero su: wanda ya yi fatauci zuwa Gwanja, da matarsa mai saƙar zane, da 'yarsu da ta haifi tagwaye sau biyu.

Baturiyar ta ajiye fensir. Ta ce a nata ɓangaren, matan farko ba su da suna, an dai rubuta "matarsa" kawai.

Da aka fassara wa Gwaggo, sai ta ce, "Ki ce mata ta ci gaba da nema. Ai ba daga sama yaran suka faɗo ba."

Matar ta yi dariya har da share hawaye. Kafin mu tafi ta ɗauko wani yadin ulu mai ratsin kore da shuɗi, ta ce launin danginsu ne, amma ba ta san me za a yi wa jariri da shi ba. Na karɓa, na sunkuya, 'yata ta ɗora mini jaririn a baya, na ɗaure. Yadin ya ɗan yi kauri, amma sanyi ya fara shigowa a lokacin. Da shi na goya shi har ya fara tafiya.