Mai Haƙar Kabari da Tekun da Bai Taɓa Gani Ba

A wani ƙauye da ke tsakanin Tsanyawa da Kunci, in aka yi rasuwa, kafin a aika wa liman sai an aika wa Baba Mala. Kakansa ne ya taso daga Barno da fataucin kanwa ya zauna a nan, amma shi Mala noma ya tashi ya tarar, gero da gyaɗa, sai kuma haƙar kabari da ya soma tun yana saurayi. Ba ya tambayar tsawon mamaci, don kowa na garin ya san shi a tsaye. Shekara talatin da wani abu yana wannan aiki, har ya san inda ƙasar maƙabarta take da marmara da inda take rufta wa mutum.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Ikrima. Gonar gado ta yi ƙanƙanta, don haka Ikrima ya bar matarsa Hussaina da jaririya a gidan, ya tafi Libiya aikin gini. Bayan shekara biyu wani abokin tafiyarsa, Jamil, ya bugo waya yana kuka. Ya ce sun shiga kwalekwalen roba za su tsallaka teku, ruwa ya kifar da su, an tsamo mutum tara da rai, kuma da idonsa ya ga Ikrima ya nutse.

Mala ya yi salati ya zauna. Matarsa Kaltum kuwa ta ce ba ta yarda ba.

"Ko bara da wani yaro ya faɗa dam, ba kwana biyu masunta suka fito da shi ba?" in ji ta. "Su fito min da nawa in gani. Kafin nan kada wanda ya yi min gaisuwa."

Liman ya ce shaidar Jamil ta isa. Iyayen Hussaina suka aiko daga Makoɗa har sau uku a ba su 'yarsu, Kaltum tana cewa mijinta na nan tafe. Haka aka ci shekara guda. Mala ya ci gaba da haƙa, amma duk ranar da ya rufe ɗan wani, ba ya iya cin tuwo.

Wata ranar kasuwar Tsanyawa, da hantsi, ya kai wayarsa caji shagon Iliyasu, wani magidanci mai tura wa mutane finafinai. A talabijin ɗin shagon ana nuna wani tsohon fim na Turawa da aka yi wa fassarar Hausa. Mala ba mai kallo ba ne, amma ya ji mai fassara ya ce "ƙarƙashin teku", sai ya tsaya. Ya ga jirgi kamar ƙaton kifi na ƙarfe yana nutsewa, haske yana raguwa har ruwan ya koma kusan baƙi. Can ya ga mutane da kwalkwalin ƙarfe suna tafiya a hankali a kan yashi, ɗauke da gawar ɗan'uwansu, suka binne shi a can ƙasa.

"Malam Iliyasu," ya ce, "mutanen nan har yanzu suna wannan aikin? In wani ya nutse, suna samunsa su rufe shi?"

Iliyasu ya fara dariya, sai ya tuna wanda ke tambayar, ya haɗiye ta. "Baba, wasa ne. Littafi wani ya rubuta da tunaninsa, aka mayar fim. Babu su."

"Ruwan fa? Shi ma ƙarya ne?"

"A'a, ruwan kam haka yake. An ce ma ya fi haka zurfi."

Mala ya ce a tura masa. Kwana huɗu fim ɗin yana cikin aljihunsa, yana kai kawo a ransa ko ya nuna wa Kaltum ko ya bari. Rana ta biyar bayan la'asar ya tarar da Kaltum tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ya miƙa mata wayar.

"Ga tekun nan, ki gani."

Ta kalla, ƙwaryar gyaɗa a cinyarta. Ba ta kula da masu kwalkwali ba, ruwan kawai take kallo.

"Malam, ina gaɓarsa?"

"Ba a ganinta."

"To masunta ta ina za su shiga?"

Ta ajiye wayar a ƙasa, ta fasa kukan da ta riƙe shekara guda, har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya rasu. Ta ce musu Ikrima ne. A ranar aka fara yi mata gaisuwa.

Bayan sati guda ta kira Hussaina ta ce, "'Yata, na tsare ki ba da haƙƙi ba. Ki yafe min, ki tafi gida." Da kanta ta ɗaure mata kaya, ta goya jikarta har bakin titi inda ake hawa mota.

Tun daga nan Kaltum ba ta ƙara lafiya sosai ba. Ta rame, ta rage magana, in ta ɗebo ruwa a randa sai ta daɗe tana kallon cikin moɗa. Mala kan ce wa liman bai san ko taimakonta ya yi ba ko cutarta. Liman ya ce gaskiya ya nuna mata, shi kuwa bai gamsu ba. Da damina ta faɗi ya shuka rabin gonar, rabin ya bar wa maƙwabcinsa, don ba ya son yin nisa da gida ya bar ta ita kaɗai.