Tarar da Na Biya a Makare

Akwai wani fili a bayan kasuwar Boɗinga, mai itatuwan dogon yaro guda uku, inda mahaifina yake ɗaure jakinsa tun ina ƙarami. Da na girma na sayi babur, can nake jingine shi. Da Allah ya hore mini wata tsohuwar mota, wadda sai an lallashe ta take tashi da safe, can ɗin dai na ci gaba da ajiyewa. Duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ne yake tsaron wurin, wani dattijo daga Dingyaɗi, abokin mahaifina. Baffa nake ce masa.

Mu da muka saba da shi ba ma biyan Baffa a ranar kasuwa. Sai kaka ta yi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa: wani damin gero, wani tiya biyu ta dawa, masu fadama su zo da albasa. Shi ke nan an gama da shekara. Ba wanda ya taɓa yanke farashi, ba kuma wanda ya taɓa zuwa hannu rabbana.

Da mai filin ya rasu, magada suka ba wani kamfani daga birni haya. Aka kewaye wurin da waya, aka kafa allo mai ɗauke da kuɗin ajiye mota da na babur, da tarar wanda ya shiga ba tikiti. Baffa aka bar shi a bakin ƙofa, aka ba shi riga mai ƙyalli da littafin tikiti da albashin wata. Ya yi murna, domin ƙarfin noma ya fara ƙare masa, ga iyali.

Na ga allon. Ni malamin makaranta ne a Shagari, karatu shi ne abincina, ba zan ce ban gane ba. Na karanta shi tsaf, na yanke wa kaina hukunci cewa baƙi ake nufi, irin masu manyan motocin da ke zuwa lodin albasa. Ni ai na riga na kai gerona tun kaka. Kasuwa uku a jere ina shiga, mu gaisa da Baffa, ya ɗaga mini igiyar ƙofa in wuce.

A kasuwa ta huɗu na fito da kayan cefane na tarar da sarƙa da kwaɗo a tayar gaba. Wani mutum mai fararen kaya, jami'in kamfanin da ke zagayen duba aiki, yana tsaye a gefe.

"Malam, motarka ta wagga?" ya tambaye ni. "Ina tikitinka?"

Na ce, "Ni ba ni yankan tikiti nan. Tambayi Baffa."

Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni. Da bakina na nuna shi. Baffa ya sunkuyar da kai yana juya littafin tikitin a hannunsa.

Ina da saurin hawa, kowa a gidanmu ya sani. Na ɗaga murya, na ce tun kafin a haifi kamfaninsu muke ɗaure jaki a nan. Mutane suka taru, wasu na ba ni gaskiya, wasu na kallo kawai. Jami'in bai biye mini ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya sa aka buɗe kwaɗon, ya rubuta takarda ya miƙo mini.

Ya ce, "Kwana ukku, Malam. In ka biya tara, mun san kai kaƙ ƙi yanka, magana ta ƙare. In ba ka biya ba, to mai tsaro na bai yi aikinai ba, kuma ba mu iya riƙe shi."

Na cusa takardar a aljihu, na tuƙa motata zuwa Shagari ina ganin na yi nasara.

A gida na baje hujjojina kamar mai shirin darasi. Kamfani ba kotu ba ne, ba hukuma ba ne, da wane iko zai ci ni tara? Motata tana ƙofar gidana, me za su yi mini? Kuɗin ba su fi ƙarfina ba, duk da ba ƙanana ba ne ga mai jiran ƙarshen wata. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. In na biya, na yarda ke nan cewa geron da nake kai wa Baffa ba a bakin komai yake ba, cewa shekarun da muka yi ana mutunta juna a gindin itatuwan nan, allo ɗaya ya shafe su. Maganar korar kuwa na ɗauke ta barazana ce kawai. Wa zai kori tsohon da ya fi wayar shingen daɗewa a wurin?

Maiɗakina ta saurare ni har na gama, tana tsince wake. Ta ce, "Kai da kamfani kuka jayayya. To wa za a kora?"

Na ce ba ta gane ba ne. Amma tambayar ta bi ni har makaranta washegari. Ina rubutu a allo ina tunanin dalilin da ya hana Baffa yanka mini tikiti. Ba mantuwa ya yi ba. Kunya ce. Ba zai iya miƙa wa ɗan abokinsa hannu ya ce kawo kuɗi ba, alhali gerona yana cikin rumbunsa. Ni kuwa na san da haka, shi ya sa duk ranar kasuwa nake tsawaita gaisuwa har in wuce. Da kunyarsa na riƙa biyan kuɗin ajiye mota, kuma ban so in gane hakan ba sai ranar.

A rana ta biyu na yanke shawarar biya. Sai dai ban ga dalilin ƙona mai musamman zuwa Boɗinga ba, tunda kasuwa na tafe. Mu a wurinmu, maganar da aka yi a kasuwa, kasuwa mai zuwa ake ƙarasa ta. Ko bashin goro haka ake yi da shi. Ban zaci akwai wanda zai zauna yana ƙirga kwana ɗaya, biyu, uku ba. In faɗi gaskiya kuma, ban so jami'in nan ya ga na dawo da gudu.

Ranar kasuwa na iso da kuɗina a hannu. Wani ne daban sanye da rigar nan mai ƙyalli, mutumin da ban taɓa gani ba. Na nemi jami'in, na ce ga tara na kawo, ina Baffa?

Ya ce, "An sallame shi shekaranjiya, Malam. Ofis sun aiko wani. Ko ka biya yanzu, ba hannuna abin yake ba."

Na roƙe shi, ni da na cika fili da ihu kwana bakwai da suka wuce. Ya ce zai faɗa musu, amma kada in sa rai. Na biya duk da haka, ya rubuta mini rasidi. Ban shiga kasuwa ba ranar, na juya mota na nufi Dingyaɗi.

A hanya na shirya abin da zan faɗa, na maimaita shi ya fi sau goma. Na sami Baffa a zaure yana tufkar igiya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na gyara zama zan fara, sai ya riga ni.

"Ɗana, ka yi haƙuri," in ji shi. "Ni nij jawo ma kunya cikin kasuwa, anka ɗaure ma mota gaban mutane. Tun rannan abin na damuna. Mahaifinka bai taɓa ganin wulaƙanci wurina ba. Ka gafarce ni."

Ya riƙa ba ni haƙuri, yana maimaitawa. Ni kuwa na zauna a kan tabarmarsa ina cewa ba komai, Baffa, ba komai.