Sitiroberin da Inna ta rabar

Shekarun baya can, lokacin da ake ta hayaniyar zaɓe sojoji na shirin komawa bariki, ina aiki a Jos. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba. Mahaifiyata ta fita takaba, amma abinci ya gagare ta. Ta rame, dasashinta yana jini, likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Duk zuwan da zan yi gidanmu a Gwammaja, Kano, sai in tarar da tuwon jiya a rufe, ko taɓa shi ba ta yi ba. Tsoro ya kama ni kada ita ma ta bi shi.

Wani abokina ma'aikacin jinya ne ya nuna mini sitiroberi, wasu jajayen 'ya'yan itace da ake nomawa a can saboda sanyin wurin. Ya ce suna da bitamin C sosai, mai gyara dasashi, mai taimaka wa jiki ya amfana da abincin da ke ƙara jini, ga ɗan tsaminsu yana tayar da marmarin abinci. Ni da sai ranar na fara jin sunan, kafin la'asar har na zama malami a kansa.

Na sayi kwali guda, na rungume shi a cinya tun daga tasha har Kano, na hana kwandasta ya taɓa. Ina isa na dire shi gaban Inna, na zuba mata lacca. Ta saurara tsaf, ta sa mini albarka, sannan ta ce in miƙo mata ƙananan kwanuka. Na ɗauka wankewa za ta yi. Sai na ga tana kasawa uku-uku.

"Wannan na gidan liman, wannan na mai ƙosai, wannan na gidan da ke bayanmu."

Na ce, "Inna, magani ne fa! Ke na kawo wa."

Ta ce, "Tsaraba ce dai. A gidan nan ba a taɓa shigowa da tsaraba an rufe ƙofa an cinye ba. Malam mahaifinka bai yi ba, ba kuwa zan fara a bayansa ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Kuma don abin ya cika, ni ta aika. Haka na riƙa bin lungu da takalmina sau-ciki ina sallama, kowace ƙofa ina guna-gunin cewa mai rabon nan ita ce marar lafiya, kwana da kwanaki ba ta cin kirki. Guda biyu kacal ta rage wa kanta. Ta gatsi ɗaya, ta yamutsa fuska ta ajiye.

Washegari da hantsi sai ga kwanukan sun fara dawowa, kuma a unguwarmu ba a mayar da kwano wayam. Wannan da gwaiba, wancan da kwaɗon zogale, na gidan liman da faten wake mai alayyahu. Maƙwabtan ma da kansu suka kawo su. Ashe duk sun ɗauka juyayi ne kawai ya sa ta shiru.

Mai ƙosai ta baje a tabarma ta ce, "Haba Hajiya! Ashe haka kike zaune ba ki faɗa ba? Wallahi ba inda za ni sai kin sa hannu."

Ta jawo faten, ta fara ci. Inna ta daɗe tana kallonta, can ta wanke hannu ta sa a kwanon. Ina leƙe daga soro na ga ta kai loma ta biyu, ta uku. Hawaye suka zubo mini, da gemuna da komai.

Daga ranar suka riƙa karɓa-karɓa, kullum da mai zuwa ta ci tare da ita, har ta murmure. Da na ba abokina labari dariya ya yi, ya ce ai gwaiba ma ta fi sitiroberi bitamin C, na tafi nema a Jos alhali ga ta ana tallarta a faranti a Ƙofar Mazugal, kusa da gidanmu.

Daga baya Inna ta gaya mini cewa shekara arba'in tana jiran Malam ya rage mata a kwanonsa, da ya tafi sai loma ta daina wuce mata. Ni ɗanta na san sunan sinadarin da jikinta ya rasa, amma ban taɓa tunanin in wanke hannu in zauna kusa da ita ba. Har yau wannan yana sosa mini rai. Shi ya sa idan aka yi wa wani nawa rasuwa ba na aika abinci. Da kaina nake kaiwa, kuma ba na tashi sai mun ci tare.