Baburan da ke cikin sifika

Mun tashi da asuba daga tashar Mando a Kaduna. Wato da asuba muka shiga mota, tashin kansa kuwa sai da rana ta fito, domin babu direban hanyar Birnin Gwari da ke son zama na farko a kan titi. Kowa jira yake wani ya fara wucewa ya gwada masa lafiyar hanya. An ce an samu sauƙi yanzu, kuma gaskiya ne, sai dai ɗabi'ar da tsoro ya koya wa mutum ba ta sauraren labaran rediyo.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Ƙanwata da ke aure a Birnin Gwari ce ta dame ni da kira. Ɗanta na fari, wanda muka ɗauka zai gaje ni, kawunsa, a aikin koyarwa, ya fitar da kundin waƙoƙin gambarar zamani, irin wadda ake zuba magana a kan kiɗa kamar ana faɗa da wani. A ciki ya ambaci ƙauyukan da aka tasa, da abin da ya tashe su. Tsoronta kada waƙar ta kai kunnen mutanen daji. "Yaya, kai kaɗai yake jin nauyinka. Ka zo ka sa shi ya bari." Na amsa ba gardama. Na yi shekaru ina koyar da waƙa mai kari da amsa-amo, kuma ɗan abin da na saurara a waya bai yi min kama da waƙa ba, ya fi kama da rigimar tasha da aka yi wa ganga.

Kuɗin mota ya hau har mutum ya fara zaton da motar za a bar masa in an isa. An cusa mu huɗu a baya. A damana wata 'yar kasuwa ce Kirista, asalinta kudancin Kaduna amma ta tsufa a ƙauyukan Birnin Gwari, da jarkar manja tsakanin ƙafafunta. A haguna wani dattijo mai komawa Kuyello da buhun taki, yana jan carbi da saurin da ya nuna ba jiya ya fara bin hanyar ba. Ba mu gama fita gari ba direba ya soka memori. Muryar da ta fito na san ta tun tana karanta baƙi da wasali a tsakar gidana. Ban nuna ba. Na gyara tabarau na zauna kamar mai duba jarrabawa.

Sifikar a fashe take, kiɗan yana dukan mutum a ƙirji. Ma'auni dai babu irin wanda na sani. Amma kafin Buruku na lura da wani abu da ya hana ni sakewa. Yaron ba ya cewa "matsalar tsaro" kamar yadda mu masu alli da jarida muke cewa. Tukunya yake ambata da aka bari a kan murhu, da takalmi wari guda a bakin rafi, da gonar dawa da ta nuna ta zube babu mai girbi. Da dabara na nemi kuskure, na samu da yawa, amma ba su taimake ni ba.

A Buruku muka sha shayi da ƙosai mai zafi, na ƙara da gasasshiyar masara wadda ta fi haƙorana ƙuruciya. Daga nan dokar hanya ta fara aiki. Ba a rubuce take ba, amma kowa ya haddace ta: a sauke gilashi, a kashe kiɗa, a bar hira, a saurari daji. Direba kuma idonsa na kan motocin da ke fitowa daga gaba. In aka ɗan jima ba a ga ko ɗaya ba, sai a ci burki a jira. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mota tsawo, ramukan titi kuwa sun isa a ba su sunaye.

Direbanmu ya miƙa hannu ya kashe, ko dai ya ɗauka ya kashe. Ashe daidai ƙarshen waƙa ya taɓa, shirun da ke tsakanin waƙa da waƙa ya yaudare shi. Muna cikin wani kwari bayan Udawa, babu mota gaba babu baya, sai ƙarar babura ta tashi, da yawa, suna matsowa. Ban san lokacin da kaina ya isa ƙarƙashin kujera ba. Dattijo ya saki salati, matar ta kira Yesu, manja ya bi wandona. Direba ya taka mai, muka faɗa rami muka fito. Sai ganga ta shigo a kan ƙarar baburan, muryar ɗan ƙanwata ta biyo baya.

"Allah ya shirye ka, kai da mai waƙar!" in ji dattijo, yana laluben carbinsa.

"Wallahi Baba na kashe."

"Ka kusa kashe mu dai."

Aka yi dariya irin wadda ba ta da daɗi a baki. Matar ce kaɗai ba ta yi ba. Da muka fara ganin rufin kwano na gari ta ce, "Direba, mai da ita baya." Ya mayar. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Haka suke zuwa. Na gaya wa 'yan uwana a gida har na gaji, ba su gane ba. Na tura musu wannan, suka kira ni suna kuka."

Garin yana da rai fiye da yadda na zata. Masara a shanye bakin titi, 'yan acaba na kiran Tsohon Birnin Gwari, shaguna a buɗe. A gidan ƙanwata da ke Magajin Gari aka jiƙa wandona, aka ba ni tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, aka kuma tura ni aikin da na zo yi. Na sami mawaƙin a bayan wani shagon cajin waya, ya manna kwalayen ƙwai a bango don kada sauti ya fita. Ya cire hula ya durƙusa har ƙasa. Na tambaye shi labarin baburan da ke cikin waƙar. Ya ce na 'yan acaban tasha ne, ya roƙe su suka tayar tare. Na ce ya san abin da uwarsa ke tsoro?

"Na sani, Kawu. Ban kira sunan mutum ko ɗaya ba, sai garuruwa. Su ma in ban kira ba, nan gaba kaɗan ba wanda zai tuna an yi su."

Na zo da jawabi a shirye, mai gabatarwa da kammalawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne ya ɗauke baburan daga farkon waƙa, don akwai masu hawan jini a hanya.

Na koma na ce wa ƙanwata ban iya ba. Ta ce, "Ashe har da kai, Yaya." Da na bincika, ba ta taɓa sauraren kundin ba, labarinsa kawai take ji a bakin maƙwabta. Na ajiye mata waya a kan tabarma na kunna waƙar gonar dawar nan da ta zube, gonar kuwa ta mijinta ce. Ta saurara tana tsince shinkafa, hannun yana rage sauri. Da ta ƙare ta ɗaga murya ta kira ɗanta.

"Ba dawa ba ce a gonar nan shekarar, maiwa ce. Ni na shuka ta." Ta juyo gare ni. "Kuma ban ce na yarda ba."

Washegari muka kamo hanya bayan motoci sun fara shigowa daga Kaduna. Wani direban ne, amma memorin iri ɗaya. Kafin mu shiga daji na leƙa da kaina na tabbatar an zare shi. Mun iso lafiya, da tabon manja da ya ƙi fita.

Abin da tafiyar ta koya min bai yi min daɗi ba. Na tafi da ma'auni, na tarar mutane ba shi suke nema ba, wanda zai faɗi abin da ya same su yadda ya same su suke nema, ko da sifikar a fashe take. Tsoron ƙanwata kuma gaskiya ne, waƙa ba ta rage shi ba, sai dai yanzu mu biyu muke ɗauke da shi. Duk lokacin da sunanta ya fito a wayata sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka. Kiran jiya, cewa ta yi in gaya wa ɗan nata, tun da nauyina yake ji, ya gyara baitin, ya sa maiwa.