Illo da Ƙaiƙayin Zauro

Illo taubashina ne, ɗan goggona Sadatu, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ni ƙara. Gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya iska, yake yi a ƙofar gidansa a Badariya, a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, babu shago, babu allon talla. Kayan aikinsa duka a akwatin ƙarfe ɗaya suke, sai tukwanen gas biyu da wani tsohon injin firji da ya mayar abin zuƙe iska. In ka zo wucewa ka ga wani dogo siriri ya sunkuya gaban mota ya kasa kunne kamar mai sauraren gulma, to shi ne.

Asalinsa ɗan masunta ne na Argungu. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya so ya gaje shi, amma Illo da zarar ya shiga kwalekwale sai jiri ya kwashe shi, ya riƙe gefen jirgi yana salati. Da aka gaji da shi sai aka bar masa aikin bakin gaɓa, wato duba manyan gorunan da masunta ke hawa a ruwa. Ya danna gora cikin kogi ya zura ido, in ya ga kumfa ta taso ya san akwai tsaga. Daga nan ya koma wajen masu ƙanƙarar da ake sa wa kifi, ya koyi gyaran firji, daga firji ya tsallaka zuwa mota. Ya zo Birnin Kebbi da ƙuruciyarsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya shida. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ko ranar da akuyarsa ta shiga lambun liman.

Wannan rashin saurin shi ya raba shi da mutane da yawa, har da ni. Kowa a garin nan ya san maganin esi in ya daina sanyi: ka tsaya bakin titi, a maƙala tiyo, a ɗura gas, minti goma ka wuce. Illo ba ya yin haka. Sai ya duba, ya saurara, ya shafa, ya tambaye ka inda motar take yini kamar zai nema mata aure. In ka matsa masa ya ce, "Gas ba shi ƙarewa haka nan. In ya tahi, akwai ƙohwar da yab bi." Ni manomin shinkafa ne a Zauro, lokacin girbin rani ba ni da rabin yinin da zan ba wani ya yi ta sauraren motata. Don haka da esina ya fara hura zafi, sau uku ina zagaye Illo ina zuwa bakin titi. Kowane zuwa sai ya ɗan yi sanyi kwana biyu, ya koma gidan jiya. Daga baya na haƙura, na sauke gilasai.

To ana cikin haka aka yi wa Goggo Sadatu aikin ido. Shekara huɗu yanar ido ta rufe mata idanu, tana zaune gidan Illo, da murya take gane mu. Aka yi aikin ran Talata a ido ɗaya, ran Laraba da safe muka koma asibiti aka cire auduga. Ta yi ta ƙifta ido, ta juyo ta dubi Illo da furfurarsa, ta ce, "Wane na wanga tsoho?"

Muka fashe da dariya, har ma'aikaciyar jinya. Illo kam sai ya juya yana duban bango, na ga yana goge fuska da hula.

Ba mu fita daga ɗakin ba Goggo ta faɗi abin da ke ranta. Musaddiq, babban ɗan Illo da ke koyarwa a Argungu, matarsa ta haifi namiji, kuma washegari Alhamis ne suna. Goggo ta riƙe jikoki da dama tana shafa su da hannu kawai. Wannan shi ne tattaɓa-kunnenta na fari, ta ce kuma ba za a raɗa masa suna ba ta gan shi ba. Likita ya girgiza kai, ta kafe. A ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi: kada iska ko ƙura su taɓa idon, kada gumi ya gangara cikinsa, gilashin mota a rufe ruf daga nan har Argungu. In ba za a iya ba, ta zauna gida sati biyu.

Watan Afrilu ne fa. Wanda ya san Birnin Kebbi a watan nan ya san mota mai rufaffen gilashi ba esi tanda ce. Motocin tasha ba a ma maganarsu, mutum bakwai a ciki, gilasai a sauke. Illo babur gare shi. Goggo ta juyo da sabon idonta kaina.

"Rabi'u, motarka tana da abin sanyin nan, ko?"

Na ce akwai shi, Goggo. Ban yi ƙarya ba, akwai shi ɗin.

Da hantsi na faka motar a ƙarƙashin dogon yaro. Goggo ta zauna cikin zaure da baƙin tabarau, inda take hango mu iska ba ta same ta. Illo ya ɗaga bonat, ya maƙala gejinsa mai agogo biyu, ya ce in tayar da mota in kunna esi. Allurar jan agogon ta yi sama kamar za ta fasa gilashi, kwamfiresa mai tura gas ɗin ta kama, ta saki, ta kama, ta saki. Ya dube ni ta saman tabaransa.

"Sau nawa anka ɗura mata?"

Na ce sau ɗaya.

"Rabi'u."

Na ce uku.

"To gas ya yi mata yawa, awa wanda ya ci tuwo kwano ukku ana ƙara mai. Ina take yini?"

Na ce a gona mana, bakin masussuka, inda ake bugun shinkafa a jikin duro mata suna sheƙa. Nan nake ajiye ta kusa, sau da yawa a kunne, don buhuna su yi saurin shiga. Illo ya kwance ragar gaban motar, ya kira ni da yatsa. A gaban lagireto akwai wani faifan ƙarfe mai ƙananan ramuka, kwandensa, wanda iska ke ratsawa ta sanyaya gas. Nawa ba a ganin ramukansa sam. Ƙaiƙayin shinkafa ya cushe shi ya daskare, ya yi kauri kamar tabarma. Ya sa yatsa ya ɓamɓaro wani ɓangare ya ɗaga wa Goggo.

"Inna, diba. Ɗan ƙanenki noma shikai cikin mota."

Goggo ta yi dariya har tana riƙe tabarau. Ni kuma kunya ta kama ni, don kaka uku ina wannan aikin, kuma na san rabin manoman Zauro masu mota haka suke yi, mu tura wa injin ƙaiƙayi sannan mu zagi gas.

Ya janye gas ɗin duka cikin tukunyar da ba komai, don shi ba ya sakin sa a iska. Ya wanke faifan da ruwa a hankali daga baya, ƙaiƙayi na gangarowa ƙasa, kaji suka taru. Ya ciro matatar iskar da ke bayan akwatin gaban fasinja, ita ma ta cika har da fiffiken fara. Sannan ya sa gas kaɗan, ya kaɗa sabulu a kofi, ya bi kowace mahaɗa da gashin kaza yana shafa kumfa. A wajen wata mahaɗa kusa da kwamfiresa kumfar ta kumbura ta fashe. Wani ɗan zoben roba ne ya bushe ya tsage. Ya canza shi, muka tafi sallar azahar ina jin an gama.

Ashe da saura. Ya haɗa tsohon injin firjin nan ya zuƙe iskar cikin bututun esin, ya kashe, ya ce sai mun jira rabin awa mu ga ko allura za ta motsa. Muka zauna mun zuba wa agogo ido. Minti ashirin, allurar ta ɗan ɗago, kaɗan ƙwarai, ni ban ma gani ba sai da ya nuna mini.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Haba Illo! Argungu ko awa guda ba ta kai ba. Ɗura mata mu tahi, in mun dawo ka yi ta sauraren ta har damina."

Ya ce, "In ya tsere muna tsakiyar hanya hwa? Mu buɗe gilashi ko mu dahwa ta?"

Na waiwaya zaure, na ga Goggo ta riga ta ɗaura sabon zaninta, ta aje ƙullin kayanta a gefe, tana zaune shiru ta haɗa hannuwa. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta yi shiru haka ba, sai tsoro ya kama ni cewa ni ne zan hana ta wannan tafiyar.

Illo ya sake sa gas kaɗan, ya sake kaɗa sabulu, ya faro daga farko kamar ba shi ya bi wuraren ɗazu ba. Babu kumfa ko'ina. Ya tsaya ya yi tunani, sannan ya cire tiyon gejinsa ya ɗiga kumfa a kan bakin da ake ɗura gas ɗin kansa. Wata 'yar kumfa kamar ƙwayar gero ta taso a hankali. Yawan maƙala tiyo da fizge shi da aka yi ya lanƙwasa ɗan tsinken da ke toshe bakin. Ya buɗe wani gwangwanin madara da yake tara irin waɗannan tarkace, ya tona, ya fito da sabo.

Wannan karon allura ta tsaya cak rabin awa. Ya ɗora tukunyar gas a kan sikeli, ya karanta adadin da aka rubuta a jikin bonat, ya ɗura daidai shi, ko ɗigo bai ƙara ba. Ana kiran la'asar ya ce in kunna. Na sa hannu a bakin iska, na ji sanyi ya ratsa yatsuna har gwiwar hannu. Na yi ihu sai da kajin suka watse.

Bayan salla muka kama hanya, gilasai a rufe, Goggo a baya, Illo a gefenta yana taɓa goshinta lokaci lokaci ko akwai gumi. Babu. Kafin mu bar gari ma ta ce a ba ta mayafi. Duk hanya ba ta yi shiru ba. Ta ga buhunan shinkafa jere a bakin gonaki, ta ga shanu, ta ga gidajen da aka gina bayan ta daina gani, kowanne sai ta tambayi mai shi. Ta ga ƙeyata ta ce sanƙona ya ƙaru.

Rana ba ta faɗi ba muka isa. Gidan Musaddiq cike da mata ana ta aikin gobe, da suka ga Goggo ta sauko tana takawa ba mai riƙe ta, guɗa ta tashi. Aka shigar da ita ɗakin mai jego, aka miƙa mata jaririn. Da farko sai ta fara shafa kansa da yatsu yadda ta saba. Can ta tuna, ta tsaya, ta cire tabarau, ta ɗaga shi kusa da fuskarta wajen hasken taga. Ta daɗe tana kallonsa, kunnuwa, hanci, 'yan yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu, maigida," in ji ta. "Na zo da kaina, na gan ka."

Hawaye suka zubo mata. Illo ya yi wuf ya riƙe hannunta kada ta murza idon, yana cewa, "Inna, likita hwa ya ce..."

"Ƙyale ni, Illo," ta ce, ba ta ɗauke kai daga yaron ba. "Sabon ido na. Ban taɓa kuka da shi ba."